Tsohon hannu a gyaran kwamfuta, sabo a jarrabawar satifiket: tambayoyi da amsoshi kan tambayoyin gwaji masu rikitarwa

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu gyaran kwamfuta da masu aikin netwok da suka daɗe a sana'a, yanzu kuma wurin aiki ko neman ci gaba ya sa dole sai sun zauna jarrabawa irin su A+ da Network+ da Security+ na CompTIA, ko CCNA na Cisco. Aikin ba shi yake ba su wahala ba, tambayoyin gwajin da suke samu ne suke neman haukata su.

Na shekara da shekaru ina gyara, amma tambayoyin gwaji suna kayar da ni. Ni ne ban iya ba ko tambayoyin ne ba su da kai?

Duka biyun suna iya faruwa malam, kuma abin da ya kamata ka fara koya shi ne rabe su. Tambayar da ka amsa aka ce ka faɗi alhali kana ganin kai ne da gaskiya, yawanci ɗaya ce cikin uku. Ko dai amsar da suka sa kuskure ce tsantsa, wanda ya rubuta bai sani ba ko ya kwafo daga wani da bai sani ba. Ko kuma a da can amsar daidai ce amma zamani ya wuce ta. Ko kuma, wannan ita ce ta fi ciwo, tambayar lafiyarta ƙalau, amsar ma daidai ce bisa tsarin masu jarrabawar, kawai dai ba haka kake yi a bakin aiki ba.

Sabon shiga ba ya shan wannan wahalar sosai saboda duk abin da aka ce masa haddacewa yake. Kai da ka san aiki kai ne kake tsayawa gardama da takarda. Toh gardamar tana da amfani a nau'i na farko da na biyu, ita ce ma take cetonka. A na uku kuwa ita ce za ta kayar da kai.

Ta yaya zan gane tambaya ta tsufa?

Fara duba lambar jarrabawar da aka ce tambayoyin nata ne. A+ jarrabawa biyu ce, Core 1 da Core 2. Masu lamba 220-1101 da 220-1102 sun fito a 2022, sai 220-1201 da 220-1202 suka fito a 2025 suka maye gurbinsu. Network+ ta koma N10-009 a 2024, Security+ kuma SY0-701 tun ƙarshen 2023. CCNA lambarta 200-301 tun 2020. Matsalar ita ce masu sayar da tambayoyi da yawa lambar kawai suke canzawa a saman shafi, kayan ciki na nan yadda suke tun jarrabawa biyu ko uku da suka wuce, to sai ka koyi shanshano tsufa daga cikin tambayar kanta.

Misali na firinta mai leza. Tsoffin littattafai matakai shida suke lissafawa kuma da share ganga, wato silindar da ke ɗaukar hoton shafi a cikin firintar, suke farawa. Jerin da ya zo a manhajar 220-1101 bakwai ne, yana farawa da sarrafa hoton shafin, sai cajin ganga, sai haska ta da leza, sai tona, garin tawadar firinta, ta manne, sai a juye kan takarda, sai a gasa da zafi, sharewa ce ta ƙarshe. Idan tambaya ta ce maka sharewa ce matakin farko, ka san daga inda aka tono ta.

Ko lissafin sabnet, wato raba netwok ɗaya zuwa ƙananan yankuna. Akwai tsohuwar doka da take cewa in ka ari bit kaza, ka cire biyu daga adadin sabnet ɗin da ka samu saboda ba a amfani da na farko da na ƙarshe. Kayan Cisco sun daɗe da barin wannan, tun IOS 12.0, softwayar da ke tafiyar da rautocin Cisco, aka bar sabnet na sifili, wato na farko, a buɗe. Cire biyun da ya rage shi ne na adireshin na'urori a cikin sabnet ɗaya, wato /26 tana ba ka 62 daga 64. Duk tambayar da ta cire biyu a ɓangarorin biyu ta kwana biyu a duniya. Haka in ka ga tambayoyin da aka ce na CCNA na yanzu ne suna sa ka saita Frame Relay ko RIP, rufe shafin kawai, OSPF ce ake sa mutum ya saita a 200-301.

USB ma tana da nata rikicin, amma wannan ba laifin kowa ba ne sai masu raɗa sunan. Abin da aka fara kira USB 3.0 mai gudun 5 Gbps, shi aka koma kira 3.1 Gen 1, aka sake komawa 3.2 Gen 1, abu ɗaya suna uku. Tambaya tana iya sa biyu daga cikin sunayen nan a matsayin zaɓi daban-daban ta ce ɗaya ne daidai.

Sai maganar canza fasuwod duk bayan kwana casa'in. Shekaru an yi ana koyar da shi a matsayin abin da ya fi, amma hukumar NIST ta Amurka tun 2017 ta ba da shawarar a daina tilasta canjin sai in akwai alamar an sace fasuwod ɗin. A nan ka yi hattara kaɗan, don ƙarewar wa'adin fasuwod har yanzu abu ne da ake saitawa a kamfanoni kuma ana iya tambayarka menene shi, sai ka karanta me tambayar take nema.

Kuskure tsantsa fa, yaya kamarsa take?

Yawanci gaskiya ce aka yanke mata rabi. A ce DNS, mai juya sunan shafi zuwa adireshi, da UDP kaɗai take aiki a fot 53, alhali tana amfani da TCP ma, wajen kwashe bayanan yanki daga saba zuwa saba da kuma in amsar ta yi girma. A ce kebul Cat6 yana ɗaukar 10 Gbps har mita 100, alhali a wannan gudun wajen mita 55 yake tsayawa, Cat6a ne mai kai mita 100. A ce FAT32, wani tsarin fomatin dis, ba ta wuce 32 GB, alhali wannan iyaka ce da Windows ta sa wa kayan fomatin ɗinta, ita FAT32 tana kaiwa 2 TB, iyakar da take tata ta gaske ita ce fayil ɗaya ba ya wuce 4 GB. A ce RAID 5, tsarin haɗa dis da yawa su yi aiki tare, da dis biyu ake haɗa ta, alhali uku ne mafi ƙaranci, RAID 10 kuma huɗu. Sai masu rikita bit da bait, su rubuta SATA na uku 6 GB a sakan, ƙaramin b ne ba babba ba, 6 Gbps, wanda a aikace wajen 600 MB ne.

Akwai kuma kuskuren da ba na ilimi ba ne, na sakaci ne. An jujjuya zaɓuɓɓukan A B C D don kar a gane kwafe aka yi, amma an manta ba a gyara harafin amsa ba. Zaka ga bayanin da ke ƙasa yana yabon zaɓi na uku amma alamar daidai tana kan na farko. In ka ga irin wannan sau biyu uku a saiti ɗaya, kar ka ɓata lokacinka da sauran.

To waccan ta ukun da ka ce ta fi ciwo?

Ita ce inda tsoffin hannu suke zubar da maki, kuma a nan zan daɗe.

Jarrabawar tana da duniyarta. A cikin duniyar nan kai ma'aikaci ne a kamfani mai dokoki, akwai tikiti, akwai mai ba da izini, akwai lokaci, kuma komai bi da bi ake yinsa. Ba a tambayarka me zai gyara matsalar da sauri, ana tambayarka me ya kamata a yi a wane mataki. Shi ya sa kalmomin nan da suke rubutawa da manyan baƙaƙe, FIRST da NEXT da BEST da MOST likely, su ne rabin tambayar. Sau da yawa zaɓi uku cikin huɗu duk suna aiki, kai ma ka taɓa yinsu duka sun yi, amma ɗaya ne ya zo a gurbin da ake tambaya.

Ɗauki matakan gano matsala na CompTIA, yadda suka zo a 220-1101 guda shida ne: gano menene matsalar, kafa zato kan sanadinta, gwada zaton, tsara abin da za a yi a aiwatar, tabbatar komai ya dawo daidai tare da ɗaukar matakin kariya, sai rubuta abin da aka samu. A Network+ sun raba tsarawa da aiwatarwa sun zama bakwai. Kai in aka kawo maka kwamfuta tana ƙara ba ta nuna hoto, kafin mai ita ya gama bayani ka riga ka zare ram ka goge ka mayar, kuma sau tari shi ne. Amma in tambayar ta ce me za ka fara yi, amsar tana iya zama ka tambayi mai kwamfutar ko an canza wani abu kwanan nan, ko ka adana bayanansa kafin ka taɓa komai. Ba wai sun ce zare ram kuskure ba ne, sun ce ba shi ne na farko ba.

Cire bairos ma haka. A jerin 220-1102, bayan ka tabbatar da alamomin sai ka killace na'urar daga netwok, sai ka kashe System Restore, abin da ke mayar da Windows yadda take a baya, sannan ka sabunta maganin bairos ɗin ka yi sikanin, sai ka tsara sikanin na gaba da sabuntawa, ka mayar da System Restore ka yi sabon wurin komawa, a ƙarshe ka wayar wa mai amfani da kai. Yawancinmu a aikace bakof da fomat muke yi a wuce wurin, wlh sau da yawa ma shi ya fi tsafta. Amma kashe System Restore ɗin nan yana da dalili, bairos yana iya ɓuya a tsoffin wuraren komawa ya dawo daga baya, kuma suna son tambayar me ke zuwa kafinsa da me ke zuwa bayansa.

Ga masu aikin bod kuwa, masu ɗaga kafasito da canza ƙananan IC da iska mai zafi, ku yi haƙuri, a duniyar A+ ba a buɗe fawa saflai, canza shi ake yi gaba ɗaya. Gwanintarku ta fi ƙarfin tambayar, amma in kuka zaɓi gyara maimakon canzawa an ci ku. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, na minti casa'in ne kawai, in ka fito ka koma yadda ka saba.

Wani abu da gogewa take jawowa kuma shi ne ƙara wa tambaya abin da ba ta faɗa ba. Ka karanta cewa kwamfuta ta samu adireshi mai farawa da 169.254, kwakwalwarka ta tafi wata rana da irin haka ta faru ashe wani ne ya saita suwic ba daidai ba, ka fara neman wannan a zaɓuɓɓuka. Tambayar kawai so take ka ce na'urar ta kasa samun DHCP, mai raba adireshi a netwok. Abin da aka rubuta shi ne duk abin da ya faru, babu wani ɓoyayyen labari.

Idan amsata ta saɓa da tasu, wa zan yarda da shi?

Kar ka yarda da kowa tukuna, har kanka. Fara da takardar manufofin jarrabawar, wadda CompTIA da Cisco da Microsoft duk suke sakawa kyauta a shafukansu, jerin duk abin da za a iya tambaya ne. Duba ko batun ma yana ciki. Abin mamaki mutane da yawa suna sayen tambayoyi dubu ba su taɓa sauke wannan takardar ba.

In batun yana ciki, sai ka je tushe: bayanan kamfanin da ya ƙera abin, takardun RFC masu bayanin ƙa'idojin intanet in maganar furotokol ce, shafin Microsoft Learn in Windows ce. In kuma abu ne da za a iya gwadawa, gwada shi, gani ya kori ji. Buɗe Wireshark, mai nuna abin da ke wucewa a netwok, ka ga da idonka a wace fot abin yake tafiya, ɗaga Windows ko Linux a VirtualBox, mai ba ka kwamfutar gwaji a cikin taka, ka buga umarnin, haɗa rautoci biyu a Packet Tracer, softwayar kwaikwayon netwok ta Cisco. In daga littafi aka ɗauko tambayar, manyan kamfanonin buga littattafai suna da shafin gyare-gyaren kurakurai na kowane littafi, leƙa can, wataƙila wani ya riga ka ganowa.

Abin da ba na so shi ne ƙuri'a. Wasu shafukan suna nuna maka kashi kaza sun zaɓi B kashi kaza sun zaɓi D, mutane su bi masu rinjaye. Su waye masu zaɓen? Ɗalibai ne irinka da ba su zauna jarrabawar ba tukuna.

Menene dams ɗin nan da ake ta magana, kuma meye aibunsa tunda mutane suna ci da shi?

Dams tambayoyin ainihin jarrabawa ne da aka sato, ko wani ya haddace ya fito ya rubuta, ko an ɗauki hotonsu a ɓoye, aka tara ana sayarwa ko ana rabawa a guruf. Kafin ka fara kowace jarrabawa cikin waɗannan sai ka amince da yarjejeniyar cewa ba za ka fitar da tambayoyin ba, kuma dokokinsu sun hana karatu da irin waɗannan kayan. Hukuncin ya haɗa da soke sakamako, ƙwace satifiket, da hana mutum sake zama na wani lokaci, a wasu lokutan ma har abada. Suna kuma bin diddigin yadda mutane suke amsawa, wanda ya gama tambaya mai dogon labari cikin daƙiƙa kaɗan, ko ya zaɓi irin amsoshin kuskuren da aka san suna yawo a dams, yana barin sawu.

Amma ko a bar maganar hukunci, ga abin da mutane ba sa lura da shi: tambaya kawai ɓarawon ya sato, bai sato amsa ba. Jarrabawar ba ta nuna wa kowa amsar daidai, ko a lokacin ko bayan an gama. Kenan duk amsar da ka gani a dams wani ne ya zauna ya cinka, kuma ba ka san ko waye ba. Ga tambayoyin ma daga ƙwaƙwalwar mutum suka fito, kalma ɗaya ta faɗi, NOT ɗin da ke tsakiya ya ɓace, ma'ana ta juye. Shi ya sa dams suka fi kowane irin kayan karatu yawan amsoshin banza. Kai da ka san aiki sai ka zauna kana danne abin da ka sani kana haddace kuskuren wani, wannan asara biyu ce.

Eh akwai waɗanda suka ci da shi, ba zan ce babu ba. Su ne kuma ake ajiye wa suwic a gaba ranar intabiyu a ce su raba VLAN biyu, wato netwok biyu a suwic ɗaya, sai zufa.

Ta yaya zan gane shafi na dams ne tun kafin in biya?

Suna tallata kansu da bakinsu. Alƙawarin cewa tambayoyin ainihi ne, ko lallai sai ka ci ko a mayar maka da kuɗinka, ko an sabunta jiya. Shafi ɗaya yana sayar da tambayoyin ɗaruruwan jarrabawa na kamfanoni daban-daban, daga netwok har lissafin kuɗi, babu sunan malami ko ɗaya da ya rubuta. Fayil ɗin PDF ne mai lambobin tambaya a jere, Turancin a karye, bayani babu ko layi ɗaya. Masu sharhi a ƙasa suna cewa kaza daga ciki sun fito min jiya. Kayan kirki kuwa za ka ga sunan wanda ya rubuta, yana bayanin me ya sa amsar daidai take daidai da me ya sa sauran ukun ba su yi ba, yana kuma nuna maka lambar manufar da tambayar ta fito daga ciki.

Na riga na yi karatu da wasu ban san dams ba ne, yanzu fa?

Daina, goge su, kar ka tura wa kowa. Duk abin da ka haddace daga ciki ka ɗauke shi a matsayin jita-jita har sai ka tabbatar daga tushe.

Tambayoyin da manhajojin AI suke ƙirƙira min fa?

Suna da amfani wajen bita, musamman in ka ba su sashe ɗaya na manufofin ka ce su yi ta jefo maka tambaya. Amma suna yin kuskure cikin natsuwa da cikakken bayani mai daɗin karantawa, suna cakuɗa tsohuwar manhajar jarrabawa da sabuwa, kuma in ka yi musu gardama sau da yawa sai su ba ka haƙuri su koma bayanka ko da kai ne ba ka da gaskiya, wanda ga mai taurin kai irin tsohon injiniya wannan haɗari ne babba. Lambobi, fot, iyakar tsawon kebul, jerin matakai, duk ka duba su a wani wuri.

Maki nawa zan rinƙa samu a gwaji kafin in ce na shirya?

Babu wata lamba da za ta ba ka tabbas, kuma ga dalili. CompTIA a sikelin 100 zuwa 900 take ba da maki: Core 1 ana ci da 675, Core 2 da 700, Network+ da 720, Security+ da 750. Mutane sai su raba 675 da 900 su ce kashi 75 ne, ba haka lissafin yake ba, maki ne da aka daidaita, kuma ba su bayyana nauyin kowace tambaya. Microsoft 700 ne cikin 1000, shi ma ba kashi 70 kai tsaye ba. Cisco ma ba ta buga makin cin a hukumance.

Ni abin da nake kallo ba yawan makin ba ne, a zagaye na nawa aka same shi. Kashi 95 a saitin da ka maimaita sau huɗu ba ya nuna komai sai cewa ka haddace saitin. Makin da ka samu karon farko a saitin da ba ka taɓa gani ba, daga marubuci daban, da agogo yana tafiya, shi ne mai magana. Kuma ka rinƙa ware tambayoyin da ka ci da sa'a, ka lissafa su cikin waɗanda ka faɗi.

Tambayoyin aikin hannu fa, ai nan ne zan huta?

Galibi eh, nan ne gogewa take biyanka. CompTIA tana sa tambayoyin da za ka ja abu ka ajiye, ko ka saita rauta ta gida, ko ka buga umarni a wani tagan kwaikwayo, kuma yawanci a farko suke zuwa. Abin lura biyu ne. Tagan ba na'urar gaske ba ce, ba duk umarnin da ka saba yake karɓa ba, in ka tsaya neman gajeriyar hanyarka lokaci zai tafi. Sannan suna cin lokaci, tambaya har 90 a minti 90 ba wasa ba ne, shi ya sa da yawa suke sa musu alama su wuce su dawo daga baya, CompTIA ta yarda da hakan. A CCNA babu wannan gatan, minti 120 ne kuma in ka danna gaba ba komawa baya, to kar ka ɗauki dabarar can ka kai nan.

In kuma kai mutum ne da zaɓi huɗun nan yake ɓata wa rai gaba ɗaya kuma Linux kake yi, RHCSA ta Red Hat aikin hannu ce daga farko har ƙarshe, na'ura za a ba ka a ce ka saita.

Da gogewata, dole sai na karanta manhajar duka?

Ba duka da ƙarfi ɗaya ba, amma ka bi jerin manufofin layi-layi da biro, duk abin da ba za ka iya yi wa yaron shago bayaninsa ba tare da duba waya ba ka sa masa alama. Zaka sha mamakin inda alamomin za su taru. Gogewa tana da zurfi amma ba ta da faɗi, wanda ya shekara goma a Windows yana iya rasa me Keychain ko FileVault ko Time Machine suke yi a macOS, ko me chmod yake canzawa a Linux. Mai gyaran laftof bai damu da bambancin IaaS da PaaS da SaaS, nau'ikan hidimar cloud, ba. Sai ɓangaren da kowa yake rainawa a Core 2, wato tsarin neman izini kafin canji, rubuta tikiti, lasisin softwaya, yadda ake riƙe na'urar da za ta zama shaida ba tare da an ɓata ta ba, zubar da batir da tona, har da yadda ake magana da kwastoma mai fushi. Yana da gundura, na sani, amma maki ne kwance.

Kuma ba dole ne ka fara da A+ ba in ka wuce wurin, CompTIA ba ta sa sharaɗin sai ka ci wata kafin wata, shawara kawai take bayarwa. Duba abin da masu ɗaukar aikin da kake nema suke rubutawa.

In na haɗu da tambaya marar kai a ainihin jarrabawar fa?

Yana faruwa, amma bai kai yadda mutane suke faɗa in sun fito ba. Su tambayoyinsu suna bi ta hannun masana da yawa kafin su fito, kuma ana cusa wasu da ba a ba su maki, ana gwada su ne don gaba, ba za ka san ko wace ce ba. Toh in ka ga wata ta fita daban, ka cire zaɓi biyun da suka fi nisa, ka tambayi kanka wanne ne mutumin da yake bin littafi zai zaɓa, ka danna ka wuce. Kar ka bar ta babu amsa, kuma kar ka bar ta ta cinye maka minti biyar da natsuwarka. Microsoft tana da hanyar ƙalubalantar tambaya bayan jarrabawa in ka tabbata akwai kuskure a cikinta. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka fito ka rubuta tambayar a guruf kana neman a taya ka hukunci, wannan shi ne fitar da tambaya da ka sa hannu ba za ka yi ba.

Na faɗi. Yaushe zan iya komawa, kuma da me zan koma?

A CompTIA babu jira tsakanin zama na farko da na biyu, amma daga na uku sai ka jira kwana 14, kuma kowane zama da kuɗinsa sai in tun farko ka sayi baucan da ya haɗa da maimaici. A CCNA kwana 5 ake jira. Takardar sakamakon CompTIA tana lissafo maka manufofin da ka yi kuskure a cikinsu, ba ta nuna tambayoyin, amma wannan jerin ya ishe ka tsara karatu. Ɗauke shi ka ajiye kusa da saitin gwajin da ka yi amfani da shi, in ka ga wuraren da saitin yake ba ka maki cikakke su ne jarrabawar ta ce ka faɗi, to saitin ne ya koya maka ba daidai ba, ka canza shi kafin ka sake biyan kuɗi.

In A+ ce kuma ka ci ɗaya ka faɗi ɗaya, ka tuna Core 1 da Core 2 dole su zama 'yan jeri ɗaya, ba a haɗa 1101 da 1202. Duba ranar da za a janye jerin da kake kai a shafin CompTIA kafin ka sa ranar komawa a Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da zaman jarrabawar.